Labule a Jikin Bango

An cuce ni, kuma wanda ya cuce ni ɗan garinmu ne, mai karatun digirin dakta a nan Setapak, a ƙasar Malayawa. Shi na ba wa amanar zaɓa mana ɗaki a jirgin ruwa na yawon shaƙatawa. Ya ɗauke ni da matata ya jefa mu a ɗakin da ba taga, shi da tasa matar suka shige mai baranda. Masu tambayata yaya tafiya, to ga yadda ta kasance.

Matata ta yi korona bara, har sai da aka sa mata iskar numfashi a asibiti. Allah Ya tashi kafaɗarta, amma tun daga nan ba ta iya zama a rufaffen ɗaki. Ko ruwa ake tafkawa, tagarmu a buɗe take. Gidanmu na Wangsa Maju kuwa, in ka leƙa ba abin da za ka gani sai bangon wani bene da shanyar mutane. Da aka sassauta dokar hana fita, aka ce jirage sun fara tashi daga tashar ruwa ta Port Klang su zaga teku su dawo ba tare da sun tsaya ko'ina ba, sai na ce zan kai ta ta sha iska. Ni yadi da hijabi nake sara a kasuwar Masjid India ina turawa Kano. Turancina na ciniki ne, cike-ciken waya ba nawa ba ne. Shi ya sa na kira shi. Ya ce, "Boleh, ba matsala, Alhaji, bar min komai. Mu ma za mu bi ku."

Mun tashi da asuba, bayan salla, a motar haya. Mun ɗan tsaya a mamak, shagon mai shayi na ƙasan gidanmu, muka sha shayi da roti, wainar fulawarsu, don ban san me za a ba mu a can ba. Hanya lafiya lau, sai manyan motoci masu ɗaukar kwantena da suka cika titi tun kafin a kai Klang. A tashar jirgi aka jera mu layi, kowa da takunkumi. Ka nuna shaidar rigakafi a waya, a zura maka tsinke a hanci har sai ka ji shi a ƙeya, sannan ka zauna jiran sakamako. Duk mun fita lafiya. Ɗan garin namu, da muke kira Dakta, ya karɓo katunan ɗakuna ya miƙo mana namu. A wajen lif ya ce sai an jima. Su suka yi sama, mu muka yi ƙasa.

Ɗakin tsaf yake, ba zan yi masa ƙarya ba. Gado, talabijin, banɗaki ƙarami kamar akwati, da wani labule mai kauri a saitin gado. Matata ko jaka ba ta ajiye ba ta nufi labulen ta yaye. Bango ne. Ado kawai aka yi. Ta juyo ta ce, "Alhaji, ina tagar?"

Na hau na same shi. Ƙofar gilas a buɗe, kujeru biyu a waje, matarsa tana ɗaukar kanta hoto. Na tambaye shi dalili. Ya ce, "Ai Alhaji na ga Hajiya ba mai son a riƙa ganinta ba ce, ɗakin ciki ya fi sutura. Baranda ana iya hango mutum. Kuma ƙasa bai cika girgiza ba." A tsakiyar teku wa zai hango ta, kifi? Na ce to mu yi musanya. Ya ce sunan kowa yana jikin katinsa, dokar korona ba za ta bari ba. Na sauka wajen masu karɓar baƙi na yi ta fama da Turancina. Yarinyar da na tarar a wajen ta yi min kirki, ta duba, ta ce masu taga sun ƙare. Da Dakta ya tambaye ni tun a gida, bambancin kuɗin bai kai abin da zan tsaya ciniki a kansa ba.

Ranar farko dai mun ci riba. Muka yini a saman jirgi. Abinci halal ne kuma ba a ƙayyade ba, sai dai ba ka ɗiba da hannunka, ma'aikata ne da safar hannu suke zuba maka. Shinkafarsu ta nasi lemak ba ta kai ta kedai, shagon abincin unguwarmu, ba. Ruwan gora kuwa tsadarsa sai ka ce daga Makka aka kawo shi. Tsofaffin 'yan Sin suna ta motsa jiki da huluna, Malayawa da 'ya'yansu sun cika bakin wurin wanka. Matata ta kama ƙarfen gefen jirgi, ta ja takunkumi ƙasa, iska tana kaɗa hijabinta, ta yi dariya. Na daɗe ban ji wannan dariyar ba.

Washegari da safe aka yi sanarwa. An sami mai cutar a cikin fasinjoji, kowa ya zauna a ɗakinsa har jirgi ya koma tasha. Abinci a bakin ƙofa ake ajiyewa, a ƙwanƙwasa a wuce.

Nan muka san ɗakin da aka zaɓa mana. Ba ka san rana ta fito ba, ba ka san ta faɗi ba. Alƙibla kuwa, jirgi yana juyawa, waya ba sabis, sai dai ka yi niyya ka fuskanci inda zuciyarka ta kwanta. Akwai wata tasha a talabijin da ke nuna gaban jirgi, ita muka bari a kunne, da ita muke gane lokacin salla. Matata ta sauko daga gado ta zauna a ƙasa jikin ƙofa. Na sa takalmina na tokare ƙofar don iska ta shigo, ma'aikaci ya zo ya roƙe ni in rufe. Aikinsa yake yi. Can numfashinta ya fara sama-sama, tana riƙe min hannu tana cewa, "Ka fitar da ni." Nas ta zo ta maƙala mata abu a yatsa ta ce iskar jikinta lafiya, tsoro ne. Na ɗauki kwalin jerin abinci na yi ta yi mata fifita.

Na kira ɗakin Dakta da wayar bango na gaya masa halin da muke ciki. Ya ce, "Subhanallahi, Allah Ya sawwaƙe, a ƙara haƙuri." Ina jin kukan iskar teku a bayan muryarsa.

Da muka iso Port Klang aka sake gwada kowa, aka riƙa sakin mutane hawa-hawa, na sama su ne farko. Mun isa gida ana kiran la'asar. Tun daga ranar a falo take kwana, kusa da taga.

Wanda zai hau irin jirgin nan, kada ya wakilta kowa. Ka tambaya da bakinka: akwai taga ko babu, tana buɗuwa ko gilas ne kawai, hawa na nawa ne. A nuna maka hoto, in ka ga labule ka ce a yaye.

Ranar Juma'a bayan masallaci ya zo gidana da ledar mangwaro. A bakin ƙofa na tare shi. Ya ce, "Wallahi Alhaji da kyakkyawar niyya na yi."

Na ce, "Dakta, lokacin da take asibiti kai ne kake fassara min maganar likita a waya. Ka fi ni sanin ciwonta. Suturar da ka zaɓa wa matata, me ya hana ka zaɓa wa taka? Ka dube mu ne ka ga ba mu yi kama da masu zama a baranda ba. Ɗauki ledarka. In ka yi min sallama a masallaci zan amsa, don wajibi ne. Ƙofar nan kuwa, kada ka ƙara buga ta."