Bangon da Aka Sa a Hagu

A Sabon Garin Gusau na tsinci littafin, cikin aljihun wata jibgegiyar rigar sanyi ta gwanjo, a ƙarshen shekarun casa'in. Zane ne daga farko har ƙarshe, mutane masu manyan idanu da gashi cirko-cirko, rubutun kuwa ko harafi ɗaya ban gane ba. Mai gwanjon ya ce na Japan ne, in tafi da shi, na rage masa shara. Abin da ya kama ni shi ne daga dama ake buɗe shi, kamar littattafan ajamin babana. Ban sha wahalar bin labarin ba ko kaɗan.

Lokacin sana'ata rubuta allunan shaguna, ina zaune ni kaɗai a ɗakin haya. Babana yana Rawayya yana noma, kuma mun daɗe ba ma doguwar magana. Tun ina saurayi ya ba ni kiwon sanmu na huɗa mai karyayyen ƙaho, na zauna gindin kuka ina zane a bayan kwali, na ɗago kai babu sa babu dalilinsa. Ba a sake ganinsa ba. Bai doke ni ba, kuma da ya doke ni da ya fi mini sauƙi.

Labarin san na zana, a irin salon littafin gwanjon, daga dama zuwa hagu. Yaro ya ɓatar da sa, ya yi kuka, ya bi daji yana nema, a shafin ƙarshe ya same shi a bakin rafi. Wata bakwai ina yi, babu wanda zan nuna wa. Maƙwabcina direba ya leƙa sau ɗaya ya tambaya ko mutanen ciwon ido suke yi. Buri ɗaya nake da shi, wani ya karanta daga farko zuwa ƙarshe ya gane.

Na kai wa wani dattijo mai maɗaba'a, wanda ya saba da katin biki da kalanda. Ban sa wa shafukan lamba ba, don a ganina ko makaho ya san inda labarin ya dosa. Ranar da na je karɓa sai na ga bango a hagu. Duk wanda ya buɗe, da shafin ƙarshe zai fara.

"Malam, rubutun boko na," in ji shi. "Daga hagu a ka buɗe shi. Gyara maka niy yi."

Raina ya ɓaci, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Na ɗaure littattafan cikin buhu na shiga mota neman masu saye.

A Tsafe wani mai sayar da littattafai ya duba tsaf, ya ɗago ya dube ni. "Yaro shina da sa nai, ya yi ta kuka, daga baya san ya ɓace? Mi shika ma kuka tun bai ɓace ba?" A Bungudu ma haka. Ina ta cewa a fara daga baya, suna ta dariya. Gaskiyarsu ce, wa zai sayi littafin da sai marubucin ya bi shi gida ya nuna masa ƙofar shiga? Na zauna a tasha da buhuna tsakanin ƙafafu, ban taɓa jin kaɗaici irin na ranar ba.

Rawayya ta fi kusa, sai na wuce gida. Na tarar da Baba a rumfa bayan la'asar yana tufka igiya. Ya ga buhun, ya zaro guda. Bai iya boko ba, bangon ma bai kalla ba. Ya juya littafin ya buɗe daga dama, yadda hannunsa ya saba, ya sa yatsa yana bin zanen gida-gida. Na tsaya ina jiran faɗa.

"Wanga sanmu na," ya ce, da ya ga ƙahon.

Ya ci gaba a hankali, bai tsallake ko shafi ɗaya ba. Da ya kai bakin rafi, inda yaron ya riƙe igiyar san, ya daɗe yana kallo.

"Ashe har yanzu biɗa tai ka kai," ya ce. "Ni na daɗe da barin shi."

Ya tashi ya shiga ɗaki, ya sa littafin cikin gafakarsa tare da na ajami.

Sauran littattafan, gara ta cinye su a ɗakin haya. Ban sake buga wani ba. Da Baba ya rasu na buɗe gafakar, na tarar da shi a ciki, gefen dama ya yi baƙi saboda yawan buɗewa.