Takardar da Na Cire daga Rediyon Baba

Ranar wata Juma'a, daminar da na shiga aji biyar a lakwal, na zauna a gindin mangwaron gidanmu a Gaya da rediyon Baba a cinyata da wuƙar yankan kuɓewa a hannuna. Baba direban kamiyo ne, babbar motar kaya, yana can Kwatano wata huɗu. Inna ta rasu tun ina goye, Kaka kuma tana gonar shinkafa sai la'asar. Idan na gama shara da ɗebo ruwa, ba ni da abokin hira sai wannan rediyo. Duk Juma'a da yamma ana karanta gaisuwar matafiya, wani lokaci har a kira sunana.

Ran nan sai ya kama ƙugi, babu magana. Ni da rawar kai, na buɗe bayansa, na ga wani ɗan gwangwani ya kumbura. Na ɓare shi, na tarar da siraran ƙarafa biyu a naɗe, takarda a tsakaninsu. Na ce ashe ga ɓarnar nan! Mushe, malaminmu na lakwal, ya koya mana kuran, wato wutar lantarki, ba ya wucewa sai waya ta taɓa waya. Na zare takardar, na murɗe ƙarafan wuri ɗaya, na mayar da pil, wato batir. Ƙugin ya ɗauke, wari ya tashi.

Na ruga wurin Malam Garba mai gyara, kusa da tasha. Ya duba, ya girgiza kai, ya ce na ƙone cikinsa duka. Ya ɗaga gwangwanin ya ce, “Ɗiyata, kondansatar ke nan, wannan ratar da takardar ke bari tsakanin ƙarafan ita ce aikinsa. Ba sa taɓa juna, amma in kuran ya motsa a wannan gefe, wancan yana ji.”

Washegari a bakin rijiya wata maƙwabciya ta ce, “Rakiya, jiya babanki ya gaishe ki a rediyo, kin ji?” Na ce na ji, don kunya. Bayan sati biyu kamiyon Baba ya kife a hanyar dawowa, ya rasu.

Yau ni ke koyar da wannan darasi a lise, makarantar sakandare, ina zana layi biyu a allo da rata a tsakani. Ɗalibaina kowa da salula, duk saƙon da ya wuce su sai su sake saurara. Ni kuwa har yanzu ban san da wace kalma Baba ya kira ni ba.