Kawu Bala da Mitarsa ta Gwada Wuta

Ku da kuka san kawuna Bala, mai gyaran wuta na Fagge, ku faɗa mini tsakani da Allah: wa ya taɓa ganinsa babu mitar nan ruwan ɗorawa rataye a wuya? Ko ɗaurin aure za shi, tana ƙarƙashin babbar riga, jar waya da baƙa suna leƙowa!

A kawo wuta, unguwa ta ɗauki ihu, fanka na juyawa, sai ya ɗaga hannu: "Ku dakata tukuna!" Ya zura wayoyin a soket, ya ƙura wa lambobin ido, sannan ya ce, "To, an kawo."

Na ce, "Kawu, ga ƙwai nan a kunne!"

Ya ce, "Ke, ƙwai ya taɓa yi miki rantsuwa?"

Ranar da na raka shi Sabon Gari sayen batirin rediyo kuwa, na sha kunya. Kwali guda ya sa aka zazzage, yana gwadawa ɗaya bayan ɗaya. Mai shagon ya gaji ya ce, "Baba, duka sabo ne fa!"

"A bakinka. Bari mu ji ta bakinsu."

Tun daga ranar, da yaran shagon sun hango shi sai su ce oga ya tafi coci. Ran Talata fa!

Amma babbar ita ce ta injin markaɗen Hajiya Lami, maƙwabciyarmu. Injin ya tsaya, Kawu ya gwada, mita ba ta nuna komai ba. Ya ce, "Wayar nan matacciya ce," ya damƙe ta. Wayyo! Wuta ta yi jifa da shi cikin bahon ƙullun ƙosai. Muka yi kansa da salati, matarsa Inna na kururuwa. Can ya buɗe ido, gemu duk ƙullu, ya ce, "Ina mitata?"

Ashe batirinta ne ya mutu!

Na ce, "Kawu, yau dai mita ta yi ƙarya."

"Kul! Ba ƙarya ta yi ba, yunwa take ji."

Ranar da ya rasu, gidan bai ɗauke mu ba. Tsofaffin mata suka yi ta shigowa, Musulmi da Kirista, kowace na cewa ya gyara mata wuta kyauta, ya fitar da ita daga duhu ya tafi, ko ruwa bai tsaya sha ba. Mu da muke gida ɗaya ba mu taɓa ji ba.

Allah ya jiƙanka, Kawu. Ya haskaka makwancinka, ya sa ka huta.