Kazar da Mai Kasko Ya Soya wa Jikarsa

Mai Kasko ake ce masa, ko da yake kaskon ya daɗe a kife a ƙarƙashin gado. Tun yana saurayi yake soya kaza a wata rumfa kusa da tashar mota, har sai da gwiwoyinsa suka ce sun gaji. Bayan hannuwansa duk tabon mai ne. Da mai ɗakinsa ta rasu sai ya sallama rumfar, ya koma ɗaki ɗaya a saman shagon wani tela. Ƙarar keken ɗinki ce ke gaya masa gari ya waye, in ta yi shiru ya san yamma ta yi.

'Ya ɗaya gare shi, mai sunan mahaifiyarsa, shi ya sa yake ce mata Mamana. Aiki ya kai ta wata ƙasa mai nisa, can ta yi aure, can ta haihu. Jikar tasa a waya kawai ya san ta. Yakan ce mata, "Amarya, yaushe za ki tare?" Yarinyar ta yi masa kallon rashin fahimta, ta ɓuya a bayan uwarta.

Ranar da Mamana ta ce suna tafe, bai bari ta rufe baki ba.

"To, ki gaya wa amaryata ta zo da yunwarta. Kaza zan soya mata da hannuna."

"Baba, ka tuna fa jikinta ba ya son riɗi. Ko ƙwaya ɗaya ta ci, maƙogwaronta kumbura yake, sai asibiti. Kada ka wahalar da kanka, zan taho mata da abincinta."

"Riɗi a kaza? Ni da na tsufa a bakin kasko?"

"Yana shiga garin yajin da ake sayarwa a leda, Baba. Sai an karanta bayan ledar."

Washegari ya goge tabarau ya nufi kanti. Garin da ya saba amfani da shi a ƙarshen zamansa a rumfa yana nan, jar leda mai hoton zakara. Sai dai ya tarar da shi iri uku a kan kanta ɗaya. Zakaran ɗaya ne, rubutun baya ne kowanne da nasa. Ta farko ta jero gishiri da barkono da tafarnuwa, sannan ta ce "kayan ƙamshi", ta yi shiru. Ta biyu ta cika da lambobi, kowace da harafi a gabanta, kamar lambar mota. Ta uku kuwa an liƙa mata farar takarda a kan rubutun asali, wasu kalmomin an yi su da baƙi mai kauri: alkama, madara, riɗi.

Ya kai wa mai kantin. "Ɗan nan, wannan da riɗi, waɗannan babu, ko?"

Mai kantin ya jujjuya su. "Baba, ni ma ban isa in rantse ba. Kowace ƙasa da dokarta. Wata ta ce dole a fito da sunan riɗi ɓaro-ɓaro, wata ta yarda a cusa shi cikin kayan ƙamshi. Ta yiwu gari ɗaya ne, riga kawai aka sauya masa."

"Wato wadda ta yi shiru ba ta ce babu ba."

"Ba ta ce ba."

Ya sayi ukun duka ya hau da su sama. Kwana da kwanaki yana zaune bakin taga, ledojin a kan cinya, yana bin layi da farce. Ya kai wa mai kemis lambobin, ta fassara masa wasu: wannan na ƙara ɗanɗano ne, wannan na hana gari dunƙulewa. Sauran ta ce sai ta bincika, ga layi na jiran ta. Ya zuba garin a tafin hannu, ya shinshina, ya lasa. Harshen da a da yake gane kazar jiya daga ta yau bai gaya masa komai ba. Ya so ya kira Mamana, sai ya tuna in rana ta take a nan, can ba su tashi ba.

Tela ya leƙo ya gan shi. "Mai Kasko, jarrabawa za ka zauna ne?"

"Gara jarrabawa, ita in ka faɗi kai kaɗai ka faɗi."

Daga ƙarshe ya tura ledojin bayan kwano. Ya sayo masoro da citta da busasshiyar tafarnuwa, duk waɗanda ba a daka ba, ya wanke turmi, ya daka da kansa yana hutawa. Ya jawo kasko ya dirje shi har ya yi ƙyalli.

Sun iso da hantsi. Yarinyar ta fi yadda take a waya tsawo. Ƙamshi ya cika matakala, kaza ta yi ja a faranti. Ya bayyana wa 'yarsa komai, abu bayan abu, yana murna kamar yaron da ya kawo sakamako gida.

Ta saurara har ya gama. Sannan a hankali ta ce, "Fulawar fa, Baba?"

"A awo na saya, wurin mai buhu."

"Da ludayin da yake auna sauran kaya?"

Sai a lokacin ya tuna. Buhun riɗi na nan kusa da na fulawa, ya gan shi da idonsa, bai kawo komai a ransa ba.

"Wataƙila babu komai," in ji ta. "Amma ba zan iya da wataƙila ba. Ka yi haƙuri, Baba."

"Gaskiyarki, Mamana. Rigakafi ya fi magani."

Yarinyar ta buɗe ɗan akwatin abincinta ta ci a gefen gado. Uwar ta ci cinya biyu, kanta a sunkuye, ta ce gishirin ya yi daidai. Can yarinyar ta matso, ta sa yatsa a kan wani tabo a hannunsa, ta yi tambaya da harshensu.

"Wai da zafi?" in ji uwar, tana fassara masa.

"Ce mata a'a. Ya daɗe da hucewa."

Ba ta ɗauke yatsan da wuri ba, shi ma bai motsa ba.

Kafin la'asar mota ta zo ta kai su masauki, don dangin mijin ma na jira. Ya tsaya a taga har suka sha kwana. Ya zuba wa tela rabin kazar, sauran ya rufe da faranti. Ita ya yi ta ɗumamawa har ƙarshen mako, yana ci a tsaye, don in ya zauna gwiwa ba ta barin sa ya tashi da sauƙi.