Fitilar Gwaggo Hermelinda

Gwaggona Hermelinda ta yi shekara arba'in tana ɗinki a birnin Arequipa, kuma ba a taɓa kawo mata zanen da ya gagare ta ba. Da ta ajiye keken ɗinki, sai ta samo takardar haɗa fitilar da ke kamawa idan an taɓa da yatsa.

Mijinta Don Eleuterio, tsohon direban bas da ke cika baki bai yarda da waliyyai ba, ya leƙa takardar. "Tsohuwa, wannan fa ba siket ba ne. Gida za ki ƙona mana."

"Da batir? Je ka sha shayinka, tsoho."

Karatun tela ta yi wa alamomin lantarki da ke takardar. Mai kama da haƙoran zarto shi ke rage ƙarfin wuta. Inda layi biyu suka gitta babu ɗigo, zare ne ya bi ta kan zare. Inda akwai ɗigo kuwa ƙulli ne, sai a liƙe da dalma.

Da ta gama, ta jona wayar fitilar a ɓoye da ƙafar tagulla ta mutum-mutumin waliyyi San Antonio da ke bakin ƙofa, wadda takan shafa don neman albarka kafin ta fita.

Washegari Don Eleuterio zai fita sayen burodi, sai zaure ya haske fau. Gwaggo ta leƙo, ta same shi da yatsa a kan ƙafar waliyyi.

"Ƙura nake sharewa," in ji shi.

"Share da kyau," ta ce. "Dama na san ba hannuna kaɗai ya sa ƙafar nan ƙyalli ba."