Amin ɗin Mama Saratu

Akwai ranar da ba za ta taɓa fita daga raina ba, ranar da wata tsohuwa ta yi ta amsa mini amin alhali ni ba addu'a nake yi ba. Kun sha tambayata labarin 'yar sandar nan mai lanƙwasasshen kai da ke rataye a jikin akwatin kayan aikina. To, ga asalinta.

Ana saura 'yan kwanaki Kirsimeti, lokacin ina garejin Oga Modu a unguwar Lamisula cikin Maiduguri, ni ke bi masa, in ba ya nan ni ke karɓar mota. Sai ga wata malamar makaranta, Malama Rifkatu, ta shigo da jif daga Maisandari, motar tana karkarwa kamar mai zazzaɓi. A kujerar baya akwai mahaifiyarta, Mama Saratu, 'yar tsohuwa da jan ɗankwali.

"Malam Bukar," in ji Malama, "gobe da sassafe za mu ƙauyenmu, can gaba da Biu. Tun da muka gudo shekarun baya Mama ba ta koma ba. Yanzu mutane sun koma, ta ce bana a gida za ta yi Kirsimeti ko da a ƙafa ne. 'Yan cocinmu a jerin motoci za su tafi. In suka wuce suka bar mu, ba zan bi hanyar nan ni kaɗai ba."

Ba sai an yi mini dogon bayani ba. Duk ɗan Maiduguri ya san ba hanya ba ce da ake son mota ta mutu a kanta.

Na tayar da injin na kasa kunne, na ji akwai silindar da ba ta ƙona mai. Malama ta rantse watan jiya aka canza mata fulogi. Na buɗe, na ga uku na gaba sababbi fil, nan take na gane abin da ya faru. Irin wannan injin a gicciye yake kwance, fulogi shida gare shi. Uku suna kallon ka da ka ɗaga bonet. Sauran ukun suna can baya, a matse tsakanin manifol, wato bututun da ke kai wa inji iska, da bangon mota, inda ido ba ya gani. Malalacin makanike sai ya canza na gaba, ya rufe bonet, ya ce an gama.

Ƙa'ida ita ce a kwance manifol a samu fili. Amma Oga Modu ya aika shagunan kayan gyara, ba a samu gaskit irin nasa ba, wato shimfiɗar da ke hana shi yoyon iska, kuma tsohon in aka taɓa shi yagewa zai yi.

"Sai dai da lalube," in ji shi. "Bukar, hannunka zai shiga?"

Duk garejin aka sa dariya, don kun dai ga hannuna, ko a aljihuna da ƙyar yake shiga. Amma a lalube babu wanda ya kai ni, kuma Oga ya sani.

Muka jira injin ya huce, domin kan injin alminiyam ne, in ka murɗa fulogi da zafi zaren ramin zai iya biyo shi. Aka ajiye wa Mama benci a gindin dogonyaro, dab da motar. Na shimfiɗa buhu, na kwanta rub da ciki a kan injin, na zura hannu har kafaɗa, na rufe ido. Wannan aikin da ido rufe ake yin sa, yatsu ne ke gani.

To ni ina da wata ɗabi'a. In ƙarfe ya soma yankar mini fata, bakina ba ya shiru, kuma da Kanuri nake yi, don da harshen uwa zagi ya fi daɗi. Na zare kwayil, na haɗa sifana da 'yar gwiwa mai lanƙwasa da ƙarafan ƙarin tsawo biyu, ina ta ƙunƙuni: "Wanda ya zana injin nan, Allah ya haɗa shi da ƙaiƙayi a tsakiyar baya, daidai inda hannu ba ya kaiwa."

Sai na ji daga benci: "Amin!"

Na buɗe ido ɗaya. Mama Saratu ta haɗa hannuwa a ƙirji, ta sunkuyar da kai. Na ce a raina, baiwar Allah, ta ga mutum a kife, ido rufe, leɓe na motsi, ta ɗauka addu'a nake wa motar. Na ci gaba: "Allah ya sa makullinsa ya faɗa ƙarƙashin gado ranar da yake sauri."

"Amin, ɗana!"

Oga Modu ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Sauran makanikai suka ɓuya bayan wata bas suna riƙe ciki. Malama, wadda ba ta jin Kanuri, ta raɗa wa Oga cewa ba ta taɓa ganin makanike mai tsoron Allah kamata ba. Haka na fitar da fulogi biyu, baƙi ƙirin, bakinsu ya cinye, na ɗaura sababbi, Mama tana bi na da amin.

Na ukun ne ya tsayar da dariyar. Sabon fulogi ba a soma ɗaura shi da sifana. Guntun tiyo ake cusa masa a kai, a murza da yatsu, don in ya hau a karkace tiyon ya zame kafin zaren ya lalace. Na murza, na ji ya cije. Na warware, na sake, ya sake cijewa. In na matsa zaren ya mutu, sai an sauke kan injin, kuma wannan ba aikin yini ɗaya ba ne, tafiyar Mama ta fasu ke nan. Gumi ya cika mini ido, wallahi tsoro ya kama ni.

Sai tsohuwar nan ta buɗe baki da Kanuri tsantsa, wanda ya fi nawa kyau: "Ɗana, mai ƙaiƙayin ya samu rabonsa. Yanzu ka yi addu'a ta gaskiya, ina so in ga gidana."

Ashe tun tana budurwa ta sayar da banda a kasuwar kifi ta hanyar Baga, cikin matan Kanuri. Duk abin da na faɗa ta ji. Garejin ya kece da dariya, ni kuma kunya kamar in shige cikin silinda. Amma dariyar ta sakar mini hannu. Na yi bisimilla, na murza baya a hankali har na ji ɗan ƙas, alamar zare ya sami bakinsa, sannan na yi gaba. Ya tafi sumul. Da aka tayar, injin ya zauna lafiya lau, ko madubi ba ya motsi. Mama ta tashi ta taka rawa a gaban bonet, Oga na yi mata tafi.

Bayan sabuwar shekara Malama ta dawo ita kaɗai. Ta ce motar ta hau tudun Biu ko tari ba ta yi ba, Mama kuwa ta tarar da tsamiyar ƙofar gidanta tana nan, ta ce ta zauna ke nan. Sai ta miƙo mini wannan sandar, wadda Mama ta sa aka sassaƙa a ƙauye.

"Ta ce ta sosa baya ce. Wai irin addu'arka takan dawo wa mai ita, gara ka zauna da shiri."

Da ita nake zaƙulo soket in ya faɗa bayan inji. Abin da na ɗauka daga ranar shi ne, fulogin da mai mota ba zai taɓa gani ba, a kansa tafiyar wani ta rataya, don haka ku canza duka shidan. Kuma a garin nan, kada ka ɗauka akwai harshen da na kusa da kai ba ya ji. Ƙaiƙayin kuwa ya zo, kuma sandar tana kaiwa daidai wurin.