Karatun Habu a Bakin Karofi

Kafin wani ya riga ni, bari in faɗa da bakina: wawan da ke cikin labarin nan ni ne. Na je birnin Kano koya wa jikana karatu alhali idanunsa suna mutuwa, na zauna gwiwa da gwiwa da shi kusan mako guda ban lura ba. Ku 'yan ajinmu na manya a ƙofar gidan dagaci, da kuke kirana Shehun Boko don na riga ku iya rubuta sunana, ku gyara zama ku ji aikin Shehunku.

Mun tashi da asuba, ni da wani maƙwabcina mai kai barkono kasuwa. Tsohuwata ta rako ni bakin hanya da ƙullin daddawa, tana cewa, "Malam, ka gano mini angona. An ce ƙyanda ta kwantar da shi. Ka dube shi da kyau." Angon nata shi ne Habu, ɗan farin 'yarmu, mai shekara shida, wanda tun yana rarrafe muke takarar tsohuwar nan da shi. Na ce mata ƙyanda ta wuce, ciwon da ya rage masa jahilci ne, ga kuma maganinsa. Na dafa ɗan littafin ajinmu a aljihu.

Motar gyaɗa ce ta ɗauke mu, sule biyu-biyu, a saman buhuna. Zafin bazara kamar ana toya mutum. A Kura muka sha furar kwabo, mai ruwa da yawa da nono na alfarma, wato wanda sai ka roƙi arziki kafin ka gan shi. Amma dariya ba ta yi nisa a motar ba. Kusan kowane ƙauye muka wuce sai ka hangi sabuwar ƙasa a maƙabarta, tsibi-tsibi, gajeru. Wata mata kusa da ni ta ce ƙyandar bana ce, ta ja mayafi ta rufe goyonta.

Da hantsi muka hango dalar gyaɗa. Aka sauke mu bayan ganuwa, na rabu da mai barkono, na shiga ta Ƙofar Mata da ƙafa. Warin baban rini da toka ne ya fara yi mini maraba, sai ƙarar mabuga masu bugun rinannun tufafi, tim-tim, daga cikin zauruka. Lungunan birni kuwa, in jaki ya taho da mangala sai ka manne da katanga ka ba shi girmansa. Na sayi gurasa, mai ita ta rantse asara ta yi da ta sayar mini. Bakano ko inuwar rumfarsa ka tsaya sai ya nuna maka ya yi maka alheri.

Surukina marini ne, na tarar ya bi jirgi da kayan shuni zuwa Nguru. Gidan daga 'yata sai uwar mijinta. 'Yata ta durƙusa ta tambayi kowa na gida, har akuyar uwarta. Da na ce ina Habu, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Yana nan." Kun san al'ada: uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta nuna ta damu da shi, balle a gaban ubanta. Uwar mijin ce ta ce ya warke sarai, sai ɗan ruwan ido, tana sa masa tozali safe da yamma.

A kusurwar zaure na same shi, inda haske ba ya kaiwa, ya ja hula har gira.

Na ce, "Kai ɗan ƙwace, matarka na gaishe ka. Amma ta ce ba ta zama da jahili."

Ya ce, "Kaka, ai kai ma sai da gemunka ya yi fari ka koya, kuma ba ta gudu ba."

Nan take muka buɗe makaranta. Wasula biyar tukuna, sannan ba, be, bi, bo, bu. Sannan haɗi: ka da za, kaza. Ta da sa, tasa. Ra da go, rago. To, ga wani sirri da malamin ajinmu ya sani: ni in na ɗaga ido daga takarda, layi ya ɓace mini ke nan, sai na koma farko. Don haka yatsana na kan baƙi, idona na kan yatsana. Habu ya sunkuyar da kai yana maimaitawa, na ce yaron birni akwai ladabi. Kafin kwana biyu yana rigan yatsana isa ƙarshen layi. Na ce jini ba ya ƙarya.

'Yata ta yi iyakar abin da kunya ta bar ta ta yi. Ta kawo tuwo, ta daɗe tsaye a bakin zaure, ta ce, "Baba, da an bar wancan ya huta." Na yi mata wa'azi a kan lalacin 'ya'yan zamani. Washegari na ga ta kama hannunsa ta ɗora a kan bakin akushi. Na ce tana sangarta shi. Ta juya ta koma ciki.

Da na ga ɗalibi ya nuna, sai na ce bai kamata a ɓoye wa Kanawa ba. Da rana tsaka na ja shi zuwa karofi, inda abokan ubansa ke rini. Duk hanya yana riƙe da gefen rigata, ina yi masa tsiya wai ango matsoraci. Marina na tsugune a bakin ramuka, hannuwa shuɗi har gwiwa. Na yi gyaran murya na ce su zo su ga abin da tsohon ƙauye ya yi a kwana kaɗan. Na buɗe littafi a tsakiya, na nuna rago.

Habu ya ce, "Ba, be, bi, bo, bu."

Na ce, "Nan nake nuna maka."

Ya ce, "Kaza."

Marina suka kwashe da dariya. Kunya ta hau ni, na kai masa ranƙwashi. Bai yi kuka ba. Ya saki rigata, ya juya zai tafi gida, ya miƙe sak ya nufi bakin rami. Ƙafarsa ɗaya ta riga ta bar ƙasa lokacin da wani dattijon marini ya cafke damtsensa. Dattijon ya ture hular baya, ya ɗaga haɓarsa zuwa haske. Idon hagu fari fat kamar kindirmo. Na dama ja, da ɗigon fari a tsakiya kamar ƙwayar gero. Dariya ta ɗauke.

Dattijon ya ce, "Ɗana, tun yaushe?"

"Ran da Kaka ya zo ina ganin ƙofa. Yanzu sai inuwa."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Kar a je a gaya wa matata ban iya ba."

Shatin yatsun marinin, shuɗi, yana kumatunsa har muka isa gida.

Da safe na goya shi zuwa asibitin ido da ke bayan ganuwa. 'Yata ta biyo mu, kuma a hanyar nan na fara jin ta kira sunansa da bakinta, a gaban kowa. Mun tarar da layin yara irinsa har waje. Malamin asibiti ya duba ya ce na hagu ya tafi. Na dama kuma sai yadda Allah ya yi, amma da tun farkon mako aka kawo shi da magana ta bambanta. Farkon mako ina zaure ina ba, be, bi.

Suka riƙe shi, an naɗe masa fuska da farin ƙyalle. Ran da zan taho ya miƙo tafin hannunsa ya ce, "Kaka, zana mini kaza a nan." Na zana masa da yatsa, baƙi bayan baƙi. Ya ce, "Ashe haka take." Na tura littafin ƙarƙashin matashinsa.

A dawowa motar ba kaya, muka yi ta karo da ƙarfe har gida, ban ma ji ba. Har yau ba a aiko da labarin idon dama ba. Abin da tafiyar ta koya mini, 'yan ajinmu, shi ne mai koya wa yaro ya riƙa ɗaga kai, ko da layi zai ɓace masa. Layi ana komawa a samo shi.

Haka na tsara wa tsohuwata a tsakar gida, har na fara ɗora laifi a kan kunyar mata da tozalin birni da duhun zaurukan Kano. Ta bar ni na kai aya, tana tsince wake ba ta ko kalle ni ba. Sannan ta ce, "Malam, ni ban san baƙi ko ɗaya ba. Magana guda na ba ka a bakin hanya, na ce ka dube shi. Ita ce ba a kai ga koya muku a ajin ba?"